Kurakuran Ƙira A Kwamfutar Tafi-da-gidanka: Yadda Suke Faruwa Da Wanda Ke Biyan Kuɗinsu

Idan kwamfutar tafi-da-gidanka ta mutu a ƙasar nan, laifi yakan faɗa ne a kan wutar lantarki marar tabbas, ko janareto, ko sakacin mai ita. Sau da yawa zargin gaskiya ne. Sai dai akwai wani rukuni na lalacewa da babu ruwansa da ko ɗaya daga cikinsu, shi ne kuskuren ƙira, wato aibin da ya shiga cikin na'ura tun tana zane, kafin a narka ƙarfe ko a zuba roba. Kwamfutar da ke ɗauke da irin wannan aibi za ta lalace ko da an ajiye ta a ɗaki mai sanyi, an ba ta wuta mai kyau, an riƙe ta kamar ƙwai a cokali. Lokaci kawai take jira.

Maganar ta shafe mu ta wata fuska ta musamman. Kaso mai yawa na kwamfutocin da ɗalibai, 'yan jarida da ƙananan 'yan kasuwa ke amfani da su a Najeriya na hannu ne, sun yi zamaninsu a Turai ko Amurka kafin su iso Computer Village da ke Ikeja, Banex a Abuja, ko shagunan titin Beirut da Farm Centre a Kano. Kwamfutar na iso mana da aibinta, amma garantinta da shirin gyaran kyauta da diyyar da kotu ta amince a biya duk sukan tsaya a can inda aka fara sayar da ita.

Tsufa daban, kuskuren masana'anta daban, kuskuren ƙira daban

Batirin da ya rage riƙe caji bayan shekara huɗu tsufa ne, babu wanda ya yi laifi. Kuskuren masana'anta kuwa yana faruwa ne idan zanen na da kyau amma aka yi ha'inci ko ganganci wurin haɗawa, kuma yawanci yakan tsaya a kan wani rukuni da aka ƙera a wani lokaci. Misalinsa mai ban dariya shi ne na Dell Latitude 6430u a 2013, wadda masu ita suka riƙa ƙorafin tana warin fitsarin kyanwa, har kamfanin ya amsa cewa warin daga yadda aka sarrafa robar madogarar hannu yake, ya kuma sauya hanyar sarrafawar. Misali marar daɗi shi ne na 2018, lokacin da Lenovo ya janye kimanin ThinkPad X1 Carbon 78,000 a Amurka, saboda noti guda da aka bari yana yawo a ciki na iya huda batiri.

Kuskuren ƙira ya fi waɗannan muni, domin yana cikin kowace na'ura da aka ƙera bisa wannan zane. Idan aka cire ɓangaren da ya lalace aka sa sabo, sabon ma yana ɗauke da cutar. Wannan ne ya sa kamfanoni suka fi ƙin amsa shi: amsa kuskuren masana'anta na nufin gyara dubbai, amsa kuskuren ƙira na nufin miliyoyi.

Cip ɗin Nvidia da ya kashe kwamfutocin zamani guda

Duk wanda ya yi jami'a a ƙarshen shekarun 2000 zai tuna HP Pavilion masu ƙyalli, irin dv2000, dv6000 da dv9000. Zai kuma tuna yadda da yawansu suka ƙare: a kunna, fitilu su kama, fanka ta juya, fuska ta tsaya baƙa ƙirin. Wani lokaci na'urar kama intanet ce ke fara ɓacewa kafin hoton ya bi ta.

Tushen matsalar na ƙarƙashin cip ɗin Nvidia. Irin wannan cip yana zaune ne a kan ɗaruruwan ƙananan ɗigon dalma da ke haɗa shi da mazauninsa, sannan a cike tsakaninsu da wani gam na musamman da ke riƙe su. Kowane lokaci aka kunna kwamfuta cip ɗin yakan yi zafi ya buɗe kaɗan, idan aka kashe ya huce ya tsuke. Kayan da aka zaɓa wurin haɗa wasu cip-cip na Nvidia, musamman dangin GeForce 8400M da 8600M, ba su jure wannan buɗewa da tsukewa ba. Gam ɗin yakan yi laushi a zafin da kwamfuta ke kaiwa a aikinta na kullum, nauyin ya koma kan ɗigon dalmar, su riƙa tsagewa ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi ta tebur shan wahala a nan, domin ana kunna ta ana kashe ta sau da yawa a yini, kuma wurin shan iskarta ƙanƙane ne.

A watan Yulin 2008 Nvidia ya shaida wa masu hannun jari cewa zai ware Dala miliyan 150 zuwa 200 don wannan matsala. Kafin a rufe babin, abin da ya kashe ya kusa Dala rabin biliyan. Abin lura shi ne matakin farko da HP da Dell suka ɗauka: sun fitar da sabuwar manhajar BIOS da ke sa fanka ta riƙa juyawa fiye da da. Wannan na rage zafi, yana jinkirta mutuwar cip ɗin, amma bai taɓa dalmar da ke tsagewa ba. Masu suka sun ce amfanin jinkirin shi ne kwamfutar ta mutu bayan garanti ya ƙare. Kamfanonin sun tsawaita garanti a kan wasu nau'o'i daga baya. Apple kuwa ya bayyana a Oktoban 2008 cewa Nvidia ya tabbatar masa matsalar ba ta shafi MacBook Pro ba, amma binciken da ya yi da kansa ya nuna ta shafe su. A 2010 aka sasanta ƙarar taron dangi da masu saye suka shigar a Kalifoniya, inda aka yi wa wasu gyara, wasu masu HP kuma aka ba su wata kwamfuta mai araha a madadin tasu, lamarin da ya jawo sabon ƙorafi.

Ragowar waɗannan na'urori sun bi jirgin ruwa zuwa kasuwannin Afirka. A nan ne dabarar gasa cip ta yi tashe: mai gyara ya hura wa cip ɗin iska mai tsananin zafi har tsagewar ta sake mannewa, kwamfuta ta tashi kamar ba ta taɓa ciwo ba. Tashin na makonni ne ko 'yan watanni. Mai gyara na gaskiya yakan faɗa wa mai kaya haka. Marar tsoron Allah kuwa yakan gasa, ya goge, ya ɗora a kanta.

Batiri, inda kuskure ke zama gobara

A watan Yunin 2006 wata kwamfutar Dell ta kama da wuta a tsakiyar wani taro a birnin Osaka na Japan, hotunanta suka zaga duniya. Cikin watan Agusta Dell ya janye batura miliyan 4.1, Apple ya bi da miliyan 1.8, sauran kamfanoni suka biyo baya har jimillar ta kai kusan miliyan 9.6. Sony ne ya ƙera ƙwayoyin baturan. Ɓurɓushin ƙarfe da ya shiga ciki wurin ƙira shi ne ke huda siririn mayafin da ke raba ɓangarori biyu na batirin, wuta ta haɗu, zafi ya haifi zafi har ya kai ga ƙonewa. Sony ya ƙiyasta asararsa a kan Yen biliyan 51.

Wancan kuskuren masana'anta ne, kuma gyaransa ya zo da sauƙi saboda wani dalili guda: a 2006 batiri abu ne da ake zarewa da yatsa biyu. Kamfani ya aiko da sabo ta gidan waya, mai kwamfuta ya sauya da kansa. Shekara goma sha uku bayan haka, a Yunin 2019, Apple ya yi wa baturan MacBook Pro mai inci 15 kiranye, waɗanda aka sayar tsakanin Satumbar 2015 da Fabrairun 2017, kimanin 432,000 a Amurka kaɗai. A wannan karon batirin a manne yake da gam cikin gangar jiki, dole sai an kai kwamfutar gaba ɗaya cibiyar gyara an bar ta. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta tunatar da kamfanonin jirage cewa ba a yarda a hau jirgi da waɗanda ba a sauya wa batiri ba. Wanda ya sayi irin wannan kwamfuta ta hannu a Kaduna ko Damagaram ba shi da hanyar sanin ko an sauya nata, sai ya shigar da lambarta a shafin kamfanin.

Kibod mai fukafukan malam-buɗe-littafi

Idan ana neman misali guda da ya tattara duk halayen kuskuren ƙira, wannan ne. A 2015 Apple ya fito da MacBook mai inci 12, kuma don ya rage mata kauri ya watsar da tsohon tsarin madannai mai kama da almakashi, ya kawo wani sabo da ke buɗewa kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Kamfanin ya yi alfaharin cewa sabon ya fi tsohon siranta da kashi 40 cikin ɗari. A 2016 aka sa shi a MacBook Pro, a 2018 ya shiga MacBook Air.

Madannin ba ya nutsewa ko milimita ɗaya idan an danna shi. Tazarar da ke ƙarƙashinsa ta yi ƙanƙantar da ƙwayar yashi ko ɓurɓushin biskit ya isa ya tokare shi. Harafi ya maƙale, ko ya ƙi fitowa, ko ya fito sau biyu. Shawarar da kamfanin ya wallafa a shafinsa ita ce mai kwamfuta ya karkata ta zuwa digiri 75 ya fesa mata iskar gwangwani, yana juya ta hagu da dama. Ana maganar na'urar da aka saya fiye da Dala dubu ke nan.

Kuskure na biyu ya fi na farko tsada. An dasa kibod ɗin ne da ƙananan ƙusoshi a jikin murfin ƙarfen sama, wanda shi kuma batiri ke manne da shi. Harafi ɗaya ya lalace, sai a sauya murfin gaba ɗaya, aikin da a lokacin kan kai Dala 700 idan garanti ya ƙare. Kuma abin da za a sa sabon kibod ne mai irin zanen na da.

'Yar jarida Casey Johnston ta rubuta labarin a jaridar intanet ta The Outline a Oktoban 2017, ƙorafin da ke warwatse ya samu murya guda. A Yunin 2018 Apple ya buɗe shirin gyara kyauta na tsawon shekara huɗu daga ranar saye, yana mai cewa kaso kaɗan ne na kwamfutocin abin ya shafa. A wannan shekarar ya shimfiɗa wani siririn mayafin roba ƙarƙashin madannan, ya ce don rage ƙara ne, amma takardun cikin gida da aka ba masu gyara, waɗanda suka fita waje, sun nuna don hana tarkace shiga aka sa shi. A Maris na 2019 Joanna Stern ta jaridar Wall Street Journal ta wallafa maƙalar da ta bar haruffan da kibod ɗinta ya haɗiye a ɓace, kamfanin ya ba da haƙuri. Da sabbin nau'o'in 2019 suka fito, an sa su cikin jerin masu cin gajiyar gyaran kyauta tun ranar da aka fara sayar da su, abin da ya isa shaida a kan yadda kamfanin kansa ke kallon zanen. A Nuwambar 2019 aka fara komawa tsarin almakashi, kafin tsakiyar 2020 an gama.

A 2022 Apple ya amince ya biya Dala miliyan 50 don a sasanta ƙarar taron dangi, ba tare da ya amsa laifi ba. A ƙarƙashin sasancin, wanda aka sauya wa murfi sau biyu ko fiye ya cancanci samun har Dala 395. Sharaɗin shi ne ya kasance a Amurka ya saya. Wa'adin shekara huɗun ya riga ya ƙare a kan dukkan nau'o'in, kuma su ne yanzu ke cike da kantunan kayan hannu a farashi mai jan hankali, a ƙasar da hunturu ke shigar da ƙura har cikin tukunyar da aka rufe.

Milimita biyu, da kuma hinji

Tsakanin gangar kwamfuta da fuskarta akwai wata siririyar waya mai faɗi kamar zirin leda, wadda ke kai hoto da haske. A MacBook Pro na 2016 an naɗe wannan waya ta yadda duk lokacin da aka buɗe murfi sai ta miƙe ta ɗaure. Bayan buɗewa dubbai takan fara tsagewa. Alamar farko ita ce ƙasan fuskar ya riƙa nuna haske da duhu jere, kamar fitilun dandamali. Daga nan sai fuskar ta riƙa mutuwa da zarar an buɗe murfin ya wuce wani mizani.

Kamfanin iFixit, mai warware na'urori yana wallafa abin da ya gani, ya bayyana lamarin a farkon 2019, ya kuma nuna cewa da yake an haɗe wayar da fuskar, gyaran da ya kamata ya ci Dala 6 ya koma na Dala 600. Daga baya ya gano cewa a nau'in 2018 an ƙara wa wayar tsawon milimita biyu ba tare da sanarwa ba. Injiniyan da ya ƙara wannan tsawo ya san dalilin ƙarawa. A Mayun 2019 aka buɗe shirin gyara kyauta, amma ga mai inci 13 na 2016 kaɗai, aka bar masu inci 15 suna kallo.

Matsalar hinji kuwa ta fi yawa a kwamfutoci masu sauƙin kuɗi, kuma ba ta kamfani ɗaya ba ce. Hinjin ƙarfe ne mai tauri, amma notikan da ke riƙe shi suna shiga ne cikin ƙananan zobban tagulla da aka dasa a roba. Yau da gobe maikon hinjin yakan bushe, ƙura ta shiga, ya ƙara tauri, robar kuma zafi ya gasa ta ta yi gautsi. Wata rana a buɗe murfi a ji ƙas, zoben ya tumɓuke, kusurwar fuska ta ɗage, wani lokaci gilashin ya tsage. Kamfanoni sukan lissafa wannan cikin ɓarnar da mai kaya ya yi da hannunsa, don haka garanti ba ya ɗauka.

An zana ta don wani yanayi

Takardun yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka sun ƙayyade cewa iyakar zafin wurin da za su yi aiki shi ne digiri 35 a ma'aunin Salshiyos. Apple ya rubuta 10 zuwa 35. A Sakkwato, Maiduguri da Yamai, zafin Afrilu kan haura 40 a inuwa. Ke nan a wasu watanni mai amfani da kwamfuta a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska yana aiki ne a wajen iyakar da aka gwada ta a kai.

Gasar siranta jiki ta ƙara dagula lamarin. Idan aka cusa furosesa mai ƙarfi cikin jiki siriri mai ƙaramar fanka, zafin da ya kasa fita yakan tilasta wa furosesan rage gudu don kada ya ƙone. A Yulin 2018 wani mai sharhin na'urori a YouTube, Dave Lee, ya nuna cewa sabuwar MacBook Pro mai Core i9 ta fi sauri nesa ba kusa ba idan aka saka ta cikin firiza. Apple ya ce kuskuren manhaja ne, ya fitar da gyara cikin 'yan kwanaki, gudun ya inganta, jikin dai yana nan yadda yake. Ƙananan kwamfutoci da dama kuma ta ƙasa suke shaƙar iska, don haka ɗora su a kan katifa ko darduma daidai yake da toshe musu hanci. Zafin nan shi ne ke gaggauta kumburin batiri, kuma batirin da ya kumbura a cikin rufaffen jiki yakan tura wurin jan yatsa sama ya lanƙwasa kibod.

Aibin da ba a gani da ido

Ga ɗan jarida, lauya ko ɗan gwagwarmaya, wannan sashe ya fi sauran nauyi. A ranar 3 ga Janairun 2018 aka bayyana wasu ramuka biyu na tsaro da aka raɗa wa suna Meltdown da Spectre, waɗanda masu bincike da dama suka gano, ciki har da Jann Horn na Google da wata tawaga a Jami'ar Fasaha ta Graz da ke Ostiriya. Don neman sauri, furosesa yakan yi hasashen umarnin da za a ba shi nan gaba ya fara aiwatarwa tun kafin a tabbatar yana da izini. Idan hasashen bai yi daidai ba yakan zubar da sakamakon, amma sawun aikin yakan rage a ma'ajiyarsa ta wucin gadi, kuma daga wannan sawu wata muguwar manhaja na iya karanto kalmar sirri ko makullin ɓoye bayanai. Meltdown ya shafi kusan dukkan furosesocin Intel tun daga 1995, Spectre kuma ya haɗa da na AMD da ARM. Da yake aibin a jikin cip yake, sai dai a kewaye shi da manhaja, kewayen kuma yana rage gudu, musamman a tsofaffin na'urori. An sanar da Intel tun tsakiyar 2017. A ƙarshen wannan shekara shugabansa na lokacin, Brian Krzanich, ya sayar da hannayen jari na miliyoyin Daloli, kamfanin ya ce cinikin ba shi da alaƙa da batun.

A Mayun 2020 wani ɗalibi a Jami'ar Fasaha ta Eindhoven da ke Holan, Björn Ruytenberg, ya bayyana harin da ya kira Thunderspy. Ya nuna cewa wanda ya samu kwamfuta mai kafar Thunderbolt a hannunsa na kimanin minti biyar, da sukurdireba da 'yar na'ura ta musamman, zai iya tsallake kalmar sirri ya kwashi bayanai, ko da an kulle ta kuma an ɓoye abin da ke cikin faifanta, muddin barci take yi ba a kashe ta ba. Kwamfutocin da aka ƙera kafin 2019 ba su da kariyar da Intel ya ce tana toshe wannan hanya. Ga wanda ke bi ta shingen bincike, ko ke barin kwamfuta a ɗakin otal, darasin a aikace yake: rufe murfi ba kashewa ba ne, a kashe ta gaba ɗaya.

Manne komai wuri guda

Akwai abin da kamfanoni ba sa kira kuskure, amma shi ke mayar da ƙaramin aibi babban asara. A 2012 MacBook Pro mai fuskar Retina ta zo da RAM a liƙe da dalma da batiri a manne da gam, iFixit ya ba ta maki 1 cikin 10 a sauƙin gyara. A 2017 Surface Laptop na Microsoft ya samu sifili, domin ba a iya buɗe shi sai an yage shi. Idan ma'ajiyar bayanai ma a liƙe take da babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira bod, mutuwar bod ɗin na iya tafiya da kundin digiri ko binciken shekara guda. Kwamfutar Framework da ta fito a 2021 ta samu 10 cikin 10 ba tare da ta yi kauri ba, abin da ya raunana hujjar cewa siranta ce ke tilasta liƙewa.

Me doka ta ce

A Tarayyar Turai mai saye na da garantin doka na aƙalla shekara biyu a kan mai sayarwa. Faransa ta wajabta tun Janairun 2021 a manna makin sauƙin gyara a kan wasu na'urori, ciki har da kwamfutar tafi-da-gidanka, domin mai saye ya gani kafin ya biya. A Amurka makamin shi ne ƙarar taron dangi, da kuma hukumar kare lafiyar masu sayen kaya da ke wallafa sanarwar kiranye.

Najeriya ma tana da doka, kuma ba mai rauni ba ce a rubuce. Dokar Gasa Da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC. Ta ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci da babu aibi a jikinsu, ta ba shi damar mayar da su cikin wata uku idan suka gaza, ta kuma ɗora wa mai ƙira da mai shigowa da mai rarrabawa nauyin sanar da jama'a da janye kayan da aka gano suna da haɗari. Matsalar ita ce kuskuren ƙira ba kasafai yake bayyana cikin wata uku ba. Cip ɗin Nvidia da wayar fuskar MacBook sukan ɗauki shekara ɗaya zuwa uku kafin su nuna hali. Sannan yawancin cinikin kayan hannu ana yin sa ne da garantin baki na mako ɗaya ko biyu, wani lokaci da rasit mai ɗauke da gargaɗin cewa ba a mayar da kaya bayan an biya.

Ta ɓangaren shigowa, hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idoji a 2011 da suka hana shigo da kayan lantarki da suka riga suka mutu. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da cibiyar yarjejeniyar Basel ta Afirka a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa a shekara, aƙalla tan 15,000 daga ciki ba sa aiki, kuma mafi yawa ana cusa su ne cikin motocin hannu da ake shigowa da su. Ko da an tsaurara binciken, gwajin da ake yi shi ne ko na'ura na kamawa. Kwamfutar da aka yi wa batirinta kiranye a Amurka za ta kama lafiya lau a Apapa. A ganina nan ne giɓin da ya fi sauƙin cikewa yake: sanarwar kiranye a fili take a shafukan kamfanoni da na hukumomin ƙasashen waje, babu abin da zai hana FCCPC da SON su tattara su, su fassara su zuwa harsunan da ake ciniki da su, su kai wa ƙungiyoyin 'yan kasuwar da ke shigo da kayan.

Kafin a miƙa kuɗi

Sunan kamfani ba ya wadatarwa, domin kamfani ɗaya kan ƙera nagari da mugu a shekara guda. Cikakkiyar lambar nau'i da shekarar ƙira su ne abin nema, a bincika su a intanet tare da kalmar kiranye ko matsala da Turanci, sannan a shigar da lambar na'urar a shafin kamfanin. MacBook mai inci 12, MacBook Pro na 2016 zuwa 2019 in ban da mai inci 16, da MacBook Air na 2018 da 2019 duk suna da kibod ɗin da aka yi bayani a sama.

A shago, a buɗe murfin a hankali har ƙarshensa da fuskar a kunne da farin shafi, ana kallon ƙasanta da kusurwoyin hinji. A danna kowane harafi sau da yawa a cikin shafin rubutu. A ɗora kwamfutar a kan tebur mai santsi: idan tana rawa, ko wurin jan yatsa ya ɗago ko ya ƙi dannuwa, batiri ya fara kumbura. A bar bidiyo mai nauyi ya yi minti ashirin yana tafiya, domin cip ɗin da aka gasa yakan jure gwajin minti biyu. Nau'o'in da aka ƙera don ofisoshi, irin ThinkPad, Latitude da EliteBook, galibi sun fi sauƙin kwancewa da samun kayan gyara a kasuwanninmu, ko da yake labarin notin X1 Carbon ya nuna su ma ba a rufe ido a kansu. A nemi mai shago ya rubuta lambar na'urar da kwanakin garanti a kan rasit, domin wannan takarda ce hujjar da za a gabatar idan za a shigar da ƙorafi gaban FCCPC.